Matan da Suka Kai Ƙarar Gidan Aure

A zangunanmu, daga Nima ta Accra har unguwar Briqueterie ta Yawunde, idan mace ta cika tambaya a kan zaman aure, ba a jimawa sai wani ya jefe ta da kalmar "feminis". Mai jifan da wadda aka jefa, sau da yawa ba su san cewa kalmar gida ce mai ɗakuna barkatai ba, kuma mazauna ɗakunan sun sha rigima da juna. Ɗakin da ya fi ƙaurin suna shi ne na masu tsattsauran ra'ayi, waɗanda suka ɓulla a Amurka a ƙarshen shekarun 1960. Sunan da suka kira kansu da shi ya fito ne daga kalmar Latin mai nufin saiwa. A ganinsu sauran masu rajin 'yancin mata sassabe kawai suke yi, alhali itacen tumɓukewa yake bukata, kuma saiwarsa tana binne a ɗakin aure.

Kafin su, gwagwarmayar mata a Amurka ta neman gurbi ce. Betty Friedan, wadda littafinta na 1963 ya bayyana ƙuncin matan aure masu ilimi da ke zaune a gida, ta shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar NOW a 1966, kuma bukatunsu na doka ne: albashi daidai, aiki daidai. 'Yan matan da suka biyo baya daga wata makaranta suka fito. Sun yi gwagwarmayar 'yancin baƙar fata da ta adawa da yaƙin Biyetnam kafaɗa da kafaɗa da samari masu kiran juyin juya hali, sai suka tarar da cewa a wajen taro maza ke jawabi, su kuwa buga takardu da dafa gahawa ne rabonsu. A 1967, a wani babban taron 'yan ra'ayin sauyi a Chicago, Shulamith Firestone da Jo Freeman suka nemi a saurari ƙudurin mata. Shugaban zaman ya hana su magana, har ya shafa kan Firestone kamar ƙaramar yarinya, ya nuna mata cewa akwai batutuwan da suka fi wannan muhimmanci. Kafin shekarar ta ƙare, an kafa ƙungiyoyin mata zalla a Chicago da New York.

Makaminsu na farko zama ne kawai. Mata goma ko sha biyu su taru a falon ɗayarsu, a jefa tambaya guda, kowace ta amsa daga rayuwarta: wa ke wanke kwanuka a gidanki, wa ke riƙe kuɗi, me ke faruwa idan kin ce a'a. Kowace ta zo tana zaton matsalarta tata ce ita kaɗai, ko rashin dace da miji, ko gazawarta. Da aka jera amsoshin sai aka ga kamar uwa ɗaya ta haife su. Daga nan Carol Hanisch ta rubuta maƙalar da aka buga a 1970, wadda takenta ya zama kirarin tafiyar baki ɗaya, wato abin da ake kira sirrin gida shi ma siyasa ne. Duniya kuwa ta fara jin labarinsu ne ranar 7 ga Satumba 1968, da suka yi zanga-zanga a wajen gasar sarauniyar kyau a Atlantic City, suka naɗa wa tunkiya kambi, suka zuba kayan kwalliya a kwandon shara. Labarin da ya bazu cewa sun ƙona rigunan mama ƙarin gishirin 'yan jarida ne. Ba a kunna wuta ba.

A 1970 ra'ayin ya samu littattafansa. Kate Millett ta ɗauki tsohuwar kalmar da masana ke nufin mulkin uba a kan iyalinsa da ita, ta faɗaɗa ta zuwa sarautar maza a kan mata a ko'ina: soja, kotu, jami'a, wurin ibada, kasuwa. Ta ce iyali shi ne babbar ma'aikatar wannan sarauta, domin a nan ake horar da yaro ya yi umarni, yarinya ta yi biyayya, tun kafin su san sunan hukuma. Firestone, tana da shekara 25, ta zarce haka. A wurinta tushen danniyar shi ne ciki da goyo, waɗanda suka sa mace ta dogara da namiji tun farkon zamani, don haka ta yi fatan ranar da kimiyya za ta raini ɗan tayi a wajen mahaifa, a maye gurbin iyali da gidajen manya kimanin goma da za su yi yarjejeniyar renon yara na wasu shekaru. Ƙungiyar Ti-Grace Atkinson ta kira aure bauta, ta yi zanga-zanga a ofishin rajistar aure na New York a 1969, ta kuma ƙayyade cewa matan da ke zaune da namiji kada su wuce kashi ɗaya cikin uku na membobinta.

A ganinmu wadda hujjarta ta fi nauyi ita ce Christine Delphy ta Faransa, ko da yake ba ta kai sauran suna ba. Ita lissafi ta yi. Abincin da aka dafa a gidan sayar da abinci ana biyan mai dafa shi, wankin da aka kai wa mai wanki ana biya, renon da aka ba wata ana biya. Aikin nan dai, idan matar gida ta yi shi, ba shi da farashi. Ashe ba irin aikin ne ya hana a biya ba, igiyar da ke tsakanin mai yi da wanda ake yi wa ce. Ta nazarci iyalan manoman Faransa, inda mace ke aikin gona da kiwo, amfanin ya tafi kasuwa da sunan miji. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake raba kuɗin amfanin gandu ba zai ce zancen baƙo ne ba.

Sai dai a san irin gidan da suka kai ƙara. A dokar Ingila, wadda Amurka ta gada, mace idan ta yi aure ta narke a cikin mijinta: sunanta ya koma nasa, dukiyarta ta koma hannunsa, kuma sai a 1882 matar aure a Ingila ta samu cikakken ikon mallakar abinta. A Faransa sai a 1965 aka yarda ta buɗe asusun banki ko ta kama aiki ba da izinin miji ba. A Amurka sai a 1974 doka ta hana banki ƙin ba mace bashi don tana mace ko don matsayin aurenta. Ga kuma kaɗaici: gida a bayan gari, miji ya fita da mota tun safe, ba uwa kusa, ba ƙanwa, ba maƙwabciyar da za a miƙa wa yaro. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin zafin harshensu ba.

Iyali bai rushe ba, mahaifar roba ba ta zo ba, ƙungiyoyin kuwa yawancinsu sun watse kafin tsakiyar shekarun 1970, wasu saboda rikicin shugabanci. Abin da ya saura shi ne sunayen da suka raɗa wa abubuwan da a da ba su da suna. Dukan mata ya tashi daga "rigimar cikin gida" ya zama laifi, gidajen fakewa na matan da aka doka suka yaɗu bayan wanda aka buɗe a Chiswick ta Landan a 1971. Littafin Catharine MacKinnon na 1979 ya share fagen hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1986 da ya ɗauki matsa wa mace da lalata a wurin aiki a matsayin wariya. Tsohuwar ƙa'idar cewa miji ba ya yi wa matarsa fyaɗe ta faɗi a Ingila a 1991, a dukkan jihohin Amurka kuma zuwa 1993.

Suka mafi zafi daga mata ta fito. Baƙaƙen matan Amurka suka ce: wane iyali kuke nufi? Kakanninsu a zamanin bauta an sayar da 'ya'yansu a gaban idonsu, aurensu ba shi da daraja a doka, kuma su ba su taɓa samun hutun zaman gida ba, domin su ne ke goge gidajen fararen matan. A wurinsu gida mafaka ne daga wariya, ko da a cikinsa akwai duka. Ƙungiyar Combahee ta Boston ta bayyana a 1977 cewa ba za ta rabu da mazanta ba: za ta yi yaƙin wariyar launi tare da su, ta kuma yi yaƙi da su a kan danniyar mata. Da Mary Daly ta fitar da littafinta a 1978, inda matan Afirka suka bayyana a matsayin waɗanda ake yi wa kaciya kawai, Audre Lorde ta rubuta mata wasiƙa tana tambayar inda ta baro jarumtakarsu da hikimarsu. Rigimar ta sake tashi a taron mata na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kopenhagen a 1980, inda matan Afirka da yawa, alhali su ma suna yaƙi da kaciyar, suka ƙi yarda a mayar da su abin tausayi. Ƙungiyar WIN, wadda ta tsiro daga wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1982, ta haɗa zancen jinsi da na talauci, ta kuma karɓi maza a matsayin membobi.

Matsayin baƙaƙen matan nan ya fi kowanne kama da namu, mu da muke tsiraru a ƙasashen da muke zaune. Bahaushiya ba ta taɓa narkewa a cikin mijinta ba. Sadakinta nata ne, kayan ɗakinta nata ne, gadonta da ribar sana'arta nata ne, kuma mai sayar da koko da ƙosai a Kumasi ko Garwa tana da adashinta da ƙawayen bikinta waɗanda maigida bai isa ya shiga tsakaninsu ba. Gida ne ya riƙe mana harshe a tsakiyar Turanci da Faransanci da Larabci. Wanda ya zo mana da zancen rushe shi, ya zo da maganin ciwon da ba namu ba.

Amma wannan amsar tana da daɗin faɗa har ta kan rufe mana ido. Tambayar da aka yi a falon New York ba ta bukatar biza: wa ke amfana da shirun? Mun san yarinyar da aka cire daga aji aka aurar, da wadda aka saka da 'ya'ya huɗu ba ko kwanon masara, da wadda ta yi yaji da kumburarren ido aka mayar da ita da kalma guda, haƙuri. Zaman tsiraru yana ƙara wa shirun nauyi, domin duk wadda ta ɗaga murya za a ce ta ba maƙwabta sandar dukanmu, su da dama suke kallon zango a matsayin matattarar ci baya. Tuhumar da aka yi wa baƙaƙen matan Amurka ke nan, ta cin amanar jama'arsu, duk lokacin da suka ambaci abin da mazansu ke yi.

Ghana ta kafa dokar hana cin zarafi a cikin gida a 2007, bayan shekaru ana jayayya, kuma sai da aka janye sashen da ya fito ƙarara a kan fyaɗe cikin aure kafin majalisa ta amince. 'Yan sandan ƙasar suna da sashe na musamman na irin waɗannan ƙararraki. Matar zango da ta taka zuwa can, galibi kafin rana ta faɗi dattawa sun bi sawunta a janye magana a dawo da ita gida. Za a zauna a zauren sarkin zango, ga liman, ga waliyyinta, ga dangin miji, kuma a mafi yawan lokuta ita kaɗai ce mace a wurin.