Asalin LDAP, rajistar sunayen ma'aikatu

A shekarar 1988 hukumar CCITT, mai tsara ƙa'idojin sadarwar tarho na duniya a lokacin, ta fitar da tsarin X.500. Burinta a samu kundin sunaye guda na duniya baki ɗaya, mai rassa kamar bishiya: ƙasa a sama, ma'aikata a ƙarƙashinta, sai sashe, sai mutum. Tsarin ya yi kyau, amma hanyar shiga cikinsa, wato DAP, ta dogara ne ga ƙa'idojin OSI, waɗanda suka fi ƙarfin ƙananan kwamfutocin ofis na lokacin.

Maganin ya zo a watan Yulin 1993, lokacin da Tim Howes na Jami'ar Michigan a Amurka, tare da Wengyik Yeong da Steve Kille, suka wallafa takardar ƙa'ida mai suna RFC 1487. Sun rage wa DAP kaya, suka ɗora shi a kan TCP/IP da intanet ke amfani da shi, suka sa masa suna LDAP. Da farko ɗan aike ne kawai tsakanin kwamfuta da X.500. Daga baya mutanen Michigan suka rubuta slapd, sabar da ke riƙe bayanan da kanta.

A ganina, abin da ya fi ɗaga LDAP shi ne RFC 1823 na 1995, inda Howes da Mark Smith suka bayyana ɗakin umarnai na harshen C. Daga nan mai rubuta manhaja ya huta da koyon yadda ake ƙulla saƙo a tsarin BER da LDAP ke amfani da shi. Ya haɗu da saba, ya gabatar da kansa, ya jera bayanan sabon ma'aikaci, ya kira ldap_add, shi ke nan. Java da Perl da Python duk sun samu nasu daga baya. Kamfanin Netscape ya ɗauki Howes aiki a 1996, Kurt Zeilenga ya kafa OpenLDAP a 1998, Microsoft kuma ya fito da Active Directory, mai aiki da LDAP, cikin Windows 2000.

Sauƙin bai shafe tsantsenin da aka gada daga X.500 ba, kuma gara haka, domin rajistar da ke karɓar kowane irin shara ba ta da amfani. Kowace sabuwar shigarwa sai da cikakken suna, DN, wanda ke nuna gurbinta a bishiyar. In babu reshen da ke samansa, saba ta mayar da lambar kuskure 32. In sunan yana nan tuni, 68. In an ce mutum ne amma ba a sa cn (sunan mutum) da sn (sunan iyali) ba, 65.

Kashi na uku na LDAP, wanda ya fito a Disambar 1997, ya koma rubutun UTF-8. Tun daga lokacin ana iya shigar da Ɗanladi ko Ƙasimu da haruffansu masu lanƙwasa yadda suke.