Kwaɗin Moustapha Alassane

A watan Oktoba na 2024, lokacin da anka canza sunayen wasu tituna da wurare a Yamai, gidan raya al'adun nan da munka sani da sunan Jean Rouch ya koma gidan Moustapha Alassane. Labarin ya zagaya rediyo da WhatsApp, kowa ya faɗi albarkacin bakinshi a kan siyasar abin, sannan anka wuce. To amma ka juya ka tambayi wanda ke zaune kusa da kai a amfi ko ya taɓa kallon fim ɗaya na mutumin. Galibi sai ka ji shiru, ko a ce maka ai wani tsohon minista ne. Mu da munka tashi da desen anime na Japan da Amurka a tele, yau kuma muke kallonsu a fartabul har batir ya mutu, ba mu san cewa ɗaya daga cikin waɗanda sunka fara wannan sana'a a Afirka ta kudu da Sahara ɗan ƙasarmu ne ba, kuma a Tawa ya ƙare zamanshi.

Kafin a je ga mutumin, ya kamata a san wahalar aikin. Zane ba ya motsi. Ido ne ake ruɗa. Fim na sinima yana gudu da hoto 24 a kowace daƙiƙa, kowane hoto ya ɗan bambanta da na gabanshi, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga tafiya. Ka yi lissafi: fim na minti 5 daƙiƙa 300 ne, wato hoto 7,200. Ko da mai zane ya yi dabarar da aka saba, ya ɗauki kowane zane sau biyu, yana bukatar zane 3,600. Da hannu. Bafaranshen nan Émile Cohl, wanda ya yi Fantasmagorie a 1908, sai da ya zana kusan 700 don abin da bai kai minti biyu ba. A Jamus, Lotte Reiniger ta yanka kwali da almakashi ta yi dogon fim na inuwa a 1926, labarin Yarima Ahmed daga tatsuniyoyin Dare Dubu da Ɗaya. A 1928 Walt Disney ya fito da Steamboat Willie, inda motsin ɓeran ya dace da kiɗa, daga nan kasuwa ta buɗe. A nahiyarmu Masar ta riga mu, da ƴan gidan Frenkel da gwarzonsu Mish Mish Effendi a shekarun 1930. Saboda haka masu cewa Alassane ne farko a duk Afirka sun zarce. Abin da ya yi ya isa ba sai an ƙara mishi gishiri ba.

An haife shi a 1942. Tun yana yaro yake haɗa wasan inuwa da fitila da kwali, yana nuna wa mutanen garinsu zanen da ya yi a bango, tun bai san akwai wata sana'a mai suna sinima da ake koyo a makaranta ba. A nan sai wata kalma ta faɗo mini. Ƴan uwanmu na Najeriya suna ce wa fim ɗin da ake haskawa a fili majigi, kuma asalin kalmar daga sunan Ingilishi ne na wata tsohuwar fitila mai haska hoto, wadda Turawa ke kira fitilar sihiri. Mu da Faransa ta mallaka sai munka ɗauki sinima ko silima. Abin da yaron nan ke yi da fitilarshi majigi ne na ainihi, ya ƙirƙiro shi da kanshi ba tare da ya san sunan ba.

Ya fara da aikin kanikanci. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch a cibiyar bincike ta IFAN, kuma ta hanyar Rouch ne ya samu zuwa Kanada, wajen Norman McLaren a hukumar fina-finai ta ƙasar da ke Montréal. Wannan haɗuwa ita ce nake ganin ta fi komai muhimmanci, don da a ce gidan Disney anka kai shi, da ya dawo da ilimin da ba shi da amfani a Yamai ta lokacin. Tsarin Disney masana'anta ce: ɗaruruwan ma'aikata, wani na zana fuska, wani na shafa launi, wani na zana dajin da ke baya. McLaren kuwa, ɗan Sikotlan da ya koma Kanada a 1941, mutum ne mai aiki shi kaɗai ko da mutum biyu uku. Yakan ɗauki zaren fim ɗin kanshi ya yi zane a kai da alƙalami ko ya karce shi da allura, ba kamara ko ɗaya. Haka ya yi Begone Dull Care a 1949 tare da Evelyn Lambart, launuka suna tsalle a kan kiɗan jaz na Oscar Peterson. A Neighbours na 1952, wanda ya ci Oscar, mutane na gaske ya ɗauka hoto ɗaya-ɗaya kamar ƴan tsana, maƙwabta biyu suna kashe juna a kan fure guda.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wajen McLaren shi ne sauti. A gefen zaren fim akwai wani siririn layi inda ake ajiye murya da kiɗa a siffar haske da duhu. Fitila ta haska shi, na'ura ta mayar da shi ƙara. McLaren ya lura cewa in haka ne, to ana iya zana kiɗan da hannu. Layuka matsattsu su ba da murya sama, masu tazara su ba da murya ƙasa. Duk wanda ya yi darasin karin sauti na Hausa zai gane wannan nan take, don mu ma da hawa da saukar murya muke raba kalmomi, kuma da shi kalangu ke magana. Darasin dai shi ne, a zane mai motsi lokaci ake sarrafawa. Hoto nawa ƙafa za ta yi a sama kafin ta taka ƙasa, nan ne dariya take ko rashinta. Makaɗi ya san wannan tun kafin mai zane.

Fina-finan Alassane na farko da mutane ya yi su. Aouré na 1962, a kan aure a wani ƙauyen Zabarmawa na bakin kogi (sunan kuwa kalmarmu ce ta aure da rubutun Faransanci), da La Bague du roi Koda. Sai kwaɗi sunka shigo. La Mort de Gandji na 1965 fadar wani sarkin kwaɗi ce da fadawanshi. Bon voyage Sim na 1966 kuma, minti biyar ne kacal na baƙin layi a kan fari: Sim, shugaban jamhuriyar kwaɗi, an gayyace shi ziyara wata ƙasa, ya hau jirgin sama, an tarbe shi da fareti da duk wani bikin da munka sani.

Ku duba shekarar da kyau. A Janairun 1966 soja sunka kifar da gwamnati a Haute-Volta da Najeriya. A Fabrairu anka tumɓuke Nkrumah na Gana yana cikin tafiya zuwa Asiya. A gida Diori Hamani ne ke mulki da jam'iyya guda, Sawaba an haramta ta tun 1959. Wa zai ɗauki kamara a lokacin ya yi wa ziyarar shugaban ƙasa dariya da fuskar mutum? Amma kwaɗo da kumburarren wuya yana duba sojoji, wa zai kai shi ƙara? Wannan ba a Montréal ya koyo shi ba. Dabarar kakanninmu ce ta tatsuniya, inda ake ɗora wa Gizo da kura abin da ba a iya faɗa wa sarki ido da ido. Kuma Bahaushe ya riga ya ba kwaɗo matsayi a maganar mulki da faɗuwa, tun da shi ne ya ce duniya juyi-juyi da ya faɗa ruwan zafi.

A wannan shekarar dai ya fitar da Le Retour d'un aventurier, da mutane na gaske. Jimmy ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokanshi, kowa ya ɗauki sabon suna, sunka hau dawaki sunka addabi gari. Zalika Souley ta fito a ciki, da Djingarey Maïga wanda daga baya ya zama mai shirya fim shi ma. In ka kalle shi yau sai ka ga kamar da mu yake: samari da sunan aro a Facebook, da tufafin aro, da faɗan da ba nasu ba. A 1972 ya yi FVVA, mata da gida da mota da kuɗi, burin sabon ma'aikacin gwamnati. Shekarar ce kuma Oumarou Ganda ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu da Le Wazzou polygame. A lokacin in ana lissafin ƙasashen sinima a Afirka ta Yamma, Nijar na sahun gaba.

Daga baya ya koma ga ƴan tsana. Samba le grand na 1977 labarin jarumi ne da gimbiyar da ke ɗora mishi aiki bayan aiki. Kokoa kuwa, wanda na fi so, kokowa ce ta dabbobi a fili, da ƴan kallo da komai. Aikin ƴan tsana ya fi zane cin rai ta wani gefen: ka lanƙwasa hannun ɗan tsana kaɗan, ka ɗauki hoto, ka ƙara lanƙwasawa, ka ɗauka, kuma in wani ya taɓa tebur ko fitila ta gusa, aikin yini ya lalace. Ka yi tunanin haka da zafin watan Afirilu da ƙurar hunturu. Kuma kokowa ba ƙaramin zaɓi ba ne ga mutumin da ya zauna Tawa, garin da anka yi gasar takobi ta farko a 1975, wadda Kantu na Maradi ya ci. Ya shugabanci sashen sinima na jami'ar Yamai shekaru da dama, ya tsufa yana koyon zane da kwamfuta, ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. A 2017 gidan tarihin fasaha na MoMA a New York ya nuna jerin fina-finanshi.

Wani zai ce to ai yanzu komai na intanet, abin da anka ɗora ba ya ɓata. Tarihin Flash ya ƙaryata wannan. A 1996 wani ƙaramin kamfanin Amurka ya fitar da FutureSplash Animator, Macromedia ta saye shi ta sa mishi suna Flash, Adobe kuma ta saye Macromedia a 2005. Sirrinshi shi ne ba ya ajiye hoto ɗigo-ɗigo, lissafin layi yake ajiyewa, don haka fayil ɗin ƙarami ne, yana buɗewa ko da layin intanet mai jan ƙafa irin na siber. Kusan shekara goma sha biyar, masu tsara shafuka da masu zane da makaɗa sunka zuba ayyukansu a ciki: gajerun fina-finai, wasanni, shafuka masu kiɗa da ke motsi in ka taɓa. YouTube ma da shi ya fara. Har wani amfani yake da shi ga harshe irin namu, don mai tsara shafi na iya cusa siffar haruffa a cikin fayil, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ su fito daidai a lokacin da kwamfutoci da yawa ke nuna akwati a madadinsu. Sai dai injin bincike ba ya karanta irin wannan rubutu da kyau.

iPhone ta fito a 2007 ba Flash. A 2010 Steve Jobs ya rubuta wasiƙa ya ce ba zai taɓa shiga ba. A 2017 Adobe ta sanar da ranar mutuwa, kuma 31 ga Disamba 2020 anka rufe. Ayyukan da ba su kai shekara ashirin ba sunka daina buɗewa a dare ɗaya. Abin da ya tsira, masu sa kai ne sunka kwashe, irin su Flashpoint da Internet Archive. Sim kuwa, da anka zana a 1966, yana nan yana hawa jirginshi, saboda zaren fim abu ne da ake riƙewa a hannu, a ɗaga shi ga haske a ga kwaɗon ko babu na'ura. Matsalarshi daban ce: kwafin masu kyau galibi suna ajiye a Turai, kuma ɗan New York ya fi ɗan Tawa saukin ganinsu a babban allo. Ƙannenmu da ke haɗa ƴan zane-zane a fartabul suna sakawa a TikTok suna cikin haɗarin farko, tsofaffinmu suna cikin na biyu.

Da za a ba ƙungiyarmu dare ɗaya da farin bango da na'urar haskawa, ga yadda zan jera. A fara da Begone Dull Care, don kunne ya buɗe kafin ido, kuma kada a yi wa kowa bayani. Sai Bon voyage Sim, sau biyu, na biyun bayan an tuna wa mutane abin da ya faru a Janairu da Fabrairun 1966. Le Retour d'un aventurier a tsakiya, lokacin da ƴan shayi sunka zauna. Neighbours zan bar shi, yana da nauyi, yana son darenshi daban. A rufe da Kokoa, kuma in akwai mai kalangu a unguwa a kira shi ya zauna gaba, a rage sautin fim ɗin, a ga ko zai iya bin ƙafar kwaɗo.