Dalilin da ya sa kajin gida ke rage ƙwai a lokacin sanyi a Ingila

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Ingila suna ajiye kaji uku ko huɗu a bayan gida, kuma duk shekara daga watan Oktoba sai a fara kukan cewa kaji sun daina ƙwai. Wasu kan ɗauka cuta ce su sayo magani, wasu su ce sanyi ne su jona na'urar ɗumama ɗaki a akurki, wasu kuma su yanke kajin gaba ɗaya. Ni injiniyan lantarki ne, ina kuma kiwon kaji a nan, shi ya sa na ga ya kamata in yi bayani a taƙaice. Babban dalilin shi ne gajartar yini, sanyi bai taka kara ya karya ba.

Yadda haske ke aiki

Kaza tana bukatar hasken awa 14 zuwa 16 a kullum kafin ta riƙa ƙwai a kai a kai. Hasken yana shiga ta ido, yana kuma ratsa ƙoƙon kai ya isa ƙwaƙwalwa, daga nan ne ake sakin sinadaran da ke tayar da mahaifar ƙwai. Idan yini ya gajarta sai sinadaran su ragu, kazar ta tafi hutu.

A Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi ba, don haka ba mu taso mun san wannan matsala ba. A Landan kuwa yini ya haura awa 16 da rabi a ƙarshen Yuni, amma a ƙarshen Disamba bai cika awa 8 ba. A Manchester da Glasgow ya fi haka gajarta. Abin da muka sani a gida shi ne zafin bazara, wanda ke hana kaza cin abinci ya sa ta haki, ƙwai ya ragu ɓawonsa kuma ya yi laushi. 'Yan uwa da ke Sudan da Saudiyya wannan ne abin da ya fi damunsu.

Zubar gashi da shekaru

A lokacin kaka kazar da ta shekara takan zubar da gashinta ta fitar da sabo. Gashin kusan duk furotin ne, ƙwai ma yana bukatar furotin, jiki kuwa ba ya iya biyan bukata biyu a lokaci guda, sai ya ajiye ƙwai na wajen wata biyu ko uku. Wannan ba cuta ba ce. Haka kuma sagarar da ta fara ƙwai a ƙarshen bazara takan ci gaba har cikin sanyinta na farko, amma daga shekara ta biyu ƙwai yana raguwa kowace shekara.

Ƙara haske a akurki

Wanda yake son ƙwai a lokacin sanyi, ƙwan lantarki ɗaya na LED mai wat 5 ya ishi ƙaramin akurki. Ma'auninsa shi ne mutum ya iya karanta jarida a daidai tsayin kan kaza. A haɗa shi da agogon da ke kunna wuta ya kashe da kansa, domin rashin tsayayyen lokaci yana rikita kaji. A ƙara hasken da asuba, kada a ƙara da dare, saboda kaza ba ta gani sosai a duhu, idan wuta ta ɗauke farat ɗaya ba za ta iya hawa sandar kwana ba. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, wato sai fitila ta kama da ƙarfe 2 na dare kafin a cika awa 14. A riƙa ƙara rabin awa duk mako, kuma a jira sai gashi ya gama fitowa. Wat 5 na awa 6 a kullum bai kai yunit ɗaya a wata ba. Mai zakara ya tuna cewa zai yi cara da kamawar fitila, maƙwabta kuwa na iya kai ƙara. Kaza na yin ƙwai ko babu zakara.

A matsayina na mai aikin wuta ina jan kunne game da fitilar ɗumama da hita. Akurki cike yake da ƙura da busasshiyar ciyawa da gashi, gobara ba ta da wuya. Kaza mai cikakken gashi tana jure sanyin Ingila muddin akurki a bushe yake kuma iska na fita ta sama. Wayar da za a ja waje ta kasance irin wadda ruwa ba ya shiga, kuma a bi da ita ta na'urar da ke yanke wuta idan ta zurare.

Abinci, ruwa da doka

Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne, saboda haka a duba mazubi da safe kada ya daskare. A ba su abincin kaji masu ƙwai, mai furotin wajen kashi 16 cikin 100, tare da dakakken ɓawon kawa domin kalsiyam. Mun saba watsa wa kaji ragowar tuwo, amma tun bayan annobar ciwon baki da kofato ta 2001 doka ta hana ba su abin da ya fito daga kicin. Bugu da ƙari, daga 1 ga Oktoba 2024 wajibi ne duk mai kaji a Ingila da Wales, ko da guda ɗaya ce, ya yi rajista da hukumar APHA saboda murar tsuntsaye.

Idan kaza ta takure, ta daina ci, ko tana zawo ko numfashi da ƙyar, wannan ba gajartar yini ba ce, a nemi likitan dabbobi. In kuwa lafiyarta lau, zaɓi na mai ita ne, ya ƙara haske ko ya bar ta ta huta. Ni dai nawa ina barinsu, kuma zuwa Fabrairu ko Maris, da yini ya fara tsawo, sai su dawo da ƙwai da kansu. Allah ya sa mu dace.