Ƙurar da Ta Ruɗi Masana: Tarihin Buɗe Rumbun Bayanan Hasken Farko

Wani ɗalibin kimiyya daga cikin masu karanta wannan shafi ya aiko mana da tambaya: me ya sa hukumomin binciken sararin samaniya na Amurka da Turai suke kashe maƙudan kuɗi su harba na'urar hangen nesa, sannan su zuba duk abin da ta auno a intanet, kowa ya kwasa kyauta? Amsar tana cikin tarihin wani reshe na ilmin taurari, wato nazarin tsohon hasken da ya cika sararin samaniya, musamman cikin wata taƙaddama da ta ɓarke a 2014.

A 1965 ne Arno Penzias da Robert Wilson, ma'aikatan kamfanin Bell a jihar New Jersey, suka bayyana cewa eriyarsu tana kama wani ɗan tsaki da ba ya yankewa, ko ina aka juya ta. Har kashin tantabarun da suka yi sheƙa a cikinta suka kankare, tsakin bai tafi ba. Ashe haske ne da ido ba ya gani, mai zangon maikurowef, wanda masana suka ƙiyasta ya taso tun sararin samaniya yana da shekara kimanin 380,000 da somawa. Tauraron ɗan'adam na COBE, da hukumar NASA ta harba a 1989, ya nuna cewa ɗumin hasken kimanin digiri 2.7 ne kacal sama da matuƙar sanyi, a 1992 kuma ya gano cewa ɗumin yana ɗan bambanta daga wani sashen sama zuwa wani, da kamar kashi ɗaya cikin 100,000. A cikin waɗannan 'yan ɗigo-ɗigon ne ake karanta shekarun sararin samaniya da abin da ya ƙunsa.

Sauyin da ya shafi tambayar ɗalibinmu ya zo ne da tauraron WMAP, wanda aka harba a 2001 a ƙarƙashin jagorancin Charles Bennett. A watan Fabrairun 2003, lokacin da tawagar ta fitar da sakamakon shekararta ta farko, ba ta tsaya ga maƙalu da hotuna ba. Ta zuba taswirorin kansu, da alƙaluman da ke ƙarƙashinsu, da manhajojin lissafi, da littafin bayanin yadda aka tace su, a wani rumbun bayanai mai suna LAMBDA a cibiyar Goddard ta jihar Maryland. Ta sake yin haka a 2006, 2008, 2010 da 2012. Nan da nan waɗanda ba su cikin tawagar suka soma tono abin da ita ba ta mai da hankali a kai ba. A 2004 Patricio Vielva da abokan aikinsa a Santander ta ƙasar Sifen suka nuna wani faffaɗan wuri a sama da sanyinsa ya wuce ƙima. A 2005 Kate Land da João Magueijo a Landan suka yi nazarin wani jeruwar ban mamaki a taswirar. Har yau ana gardama kan ma'anar waɗannan abubuwa, amma kowa yana gardamar ne da alƙaluma iri ɗaya a gabansa.

Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba nata tauraron, Planck, a watan Mayun 2009. A watan Maris na 2013 ta saki taswirar ɗumin hasken, wadda ta sa shekarun sararin samaniya a biliyan 13.8. Sai dai ta riƙe wani ɓangare: awon karkatar hasken, wato ɓangaren da igiyoyinsa suka fi kaɗawa. Hujjar tawagar ita ce ba ta gama tace shi daga kurakuran na'ura ba.

Wannan ɓangaren da aka riƙe shi ne abin da wata tawaga a ƙuryar kudancin duniya take matuƙar bukata. A tashar Amundsen-Scott da ke Antatika, inda iska ta bushe ƙarau, wata ƙaramar na'ura mai suna BICEP2 ta shafe 2010 zuwa 2012 tana kallon wani yanki da bai fi kashi ɗaya cikin ɗari na sama ba. Abin da take nema shi ne wani murɗaɗɗen salo a karkatar hasken, wanda masana ke kira salon B. A bisa ra'ayin da Alan Guth da Andrei Linde da wasu suka gina tun farkon shekarun 1980, sararin samaniya ya yi wata kumbura mai tsananin sauri a ƙiftawar farko, kuma girgizar wannan kumbura za ta bar wannan tambari. Wanda ya fara ganinsa, kowa ya san lambar Nobel tana jiransa.

Matsalar ita ce ƙura. Gungun taurarin da ranarmu take ciki cike yake da ƙananan ƙwayoyin ƙura, su ma suna fitar da haske mai karkata, kuma duk abin da za a hango daga nesa sai ya ratso ta cikinsu, kamar mai leƙen jinjirin wata a cikin hazon hunturu. Hanyar rarrabe ƙura da tsohon haske ita ce a auna sama a zango daban-daban, domin ƙura tana ƙara haske yayin da adadin gigahaz ke hawa. BICEP2 kuwa zango ɗaya take gani, gigahaz 150. Planck yana da tara, har da gigahaz 353 inda karkatar hasken ƙura ta fi bayyana. Brian Keating, ɗaya daga cikin 'yan tawagar, ya ba da labari a littafin da ya wallafa a 2018 cewa sun nemi bayanan daga wajen mutanen Planck ba su samu ba.

Sai suka koma ga abin da ke fili. A wani taro da aka yi a Holan a watan Afrilun 2013, wani masanin Planck ya haska hoton taswirar karkatar ƙura a bango, daga baya aka ɗora takardun jawabin a intanet. 'Yan BICEP2 suka ɗauko hoton, suka mai da launukansa alƙaluma, suka gina ɗaya daga cikin ƙiyasinsu na ƙura a kansa. Ƙiyasin ya ce ƙurar yankin kaɗan ce.

Ranar 17 ga Maris 2014, a cibiyar nazarin taurari ta Harvard da Smithsonian, John Kovac da sauran jagororin aikin suka sanar wa duniya cewa sun ga salon B, da ƙarfin da suka auna a 0.2. Guth da Linde suna zaune a ɗakin. Bidiyon da aka ɗauka lokacin da Chao-Lin Kuo ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan Linde ya yi masa albishir ya zaga duniya. A ranar, babu wata mujallar kimiyya da ta riga ta tantance maƙalar.

Murnar ba ta cika wata biyu ba. A watan Mayu Raphael Flauger ya gabatar da jawabi a Princeton, ya bi sawun wannan hoton dai, ya nuna cewa ba a cire wani haske marar karkata da ke zuwa daga wasu gungun taurari masu nisa daga cikinsa ba, abin da ya sa karkatar ƙurar ta fito ƙasa da yadda take. Shi da Colin Hill da David Spergel suka rubuta cewa ƙura kaɗai za ta iya haifar da duk abin da aka gani. Michael Mortonson da Uroš Seljak a Berkeley suka kai ga matsaya irin wannan. Da maƙalar BICEP2 ta fito a mujallar Physical Review Letters a watan Yuni, an cire ƙiyasin da aka gina a kan hoton, an kuma sassauta lafazi. A Satumba Planck ya fitar da awon ƙurarsa, ya nuna babu wani yankin sama da ya tsira daga ita. Daga nan tawagogin biyu suka haɗa bayanansu, kuma a ƙarshen Janairun 2015 suka sanar cewa babu hujjar ganin tambarin kumburar farko.

Riwaya biyu ake bayarwa kan wanda ya jawo wannan. Ta farko, wadda ta fi yaɗuwa, ta ɗora laifin kacokan a kan BICEP2: sauri ya haifi nawa, sun kira 'yan jarida kafin tantancewa don tsoron kada Planck ya riga su. Ta biyu ta ce da Planck, wanda aka gina da kuɗin jama'a, ya buɗe hannunsa, da kuskuren bai faru ba. Akwai gaskiya a ta farko, domin ba wanda ya tilasta musu kiran taron. Amma ta yi wa Planck sassauci da yawa. Ba a zargin tawagarsa don ta jinkirta sakin awon da bai nuna ba; hakan daidai ne. Abin da ya yi ɓarna shi ne tsayawa a tsakiya: an nuna hoton a bainar jama'a, an bar shi a intanet, an riƙe alƙaluma da bayanin abin da aka cire da wanda ba a cire ba. Hoton da ba shi da bayani yana gayyatar kowa ya yi masa fassarar da ransa ke so, kuma mutanen da suka yi shekaru uku suna tara awo a cikin ƙanƙara sun san abin da ransu ke so. A ɗaya gefen, ya kamata a yaba wa BICEP2 da abu ɗaya: sun bayyana alƙalumansu da hanyar lissafinsu tun ranar farko, shi ya sa na waje suka iya gano ramin cikin makonni.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Planck ya saki awon karkata a 2015, ya kammala da sakin ƙarshe a 2018, duka suna cikin rumbunsa na dindindin. Magadan BICEP2 suka ƙara zanguna a na'urorinsu, suka riƙa haɗa awonsu da taswirorin Planck da WMAP da ke buɗe ga kowa, kuma a 2021 suka nuna cewa ƙarfin salon B na farko bai kai 0.036 ba. Ana ci gaba da nemansa a Antatika da hamadar Atakama ta ƙasar Chile.

WMAP ya daina aiki a 2010, an kashe Planck a watan Oktoban 2013, kuma babu wanda zai sake kunna su. Abin da suka bari mai amfani shi ne awon da aka adana tare da cikakken bayanin yadda aka yi shi, a tsarin da kwamfutar kowa za ta iya buɗewa. Hukumar da ta biya kuɗin na'ura tana samun dubban masu duba aikinta ba tare da ta ɗauke su aiki ba, kuma a 2014 irin waɗannan ne suka hana kuskure ya zauna a littattafan karatu.