Faifan Birki: Asalinsa da Ladubban Sauya Shi

Tun daga ranar da ɗan Adam ya sami ikon tafiyar da keken ƙarfe ba tare da doki ba, sai wata mas'ala ta taso masa wadda ta fi ta gudu wuya, watau yadda zai tsayar da abin da ya tayar, domin kuwa duk ƙarfin da mota ta tara a cikin gudunta ba ya salwanta idan an taka birki, rikiɗa yake yi ya zama zafi, kuma tilas a sami inda zafin nan zai tafi. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci tarihin birki baki ɗayansa.

A shekarar 1902 wani injiniya na birnin Bamingam a Ingila, mai suna Frederick Lanchester, ya yi rajistar dabarar matse faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ƙafar mota, amma da yake jan ƙarfe ya sa a wurin matsewar, sai ƙara ta yi yawa, ƙurar hanyoyin zamanin kuma ta riƙa cinye shi da gaggawa. A wannan shekara dai Louis Renault na Faransa ya fito da birki mai ganga, wanda takalmansa ke buɗewa daga ciki su dafe bango, birkin nan ne kuwa ya mallaki duniyar motoci har kusan shekara hamsin, alhali yana ɗauke da aibin da kowane direban babbar mota ya sani: gangar rufaffiya ce, idan aka daɗe ana taka ta a gangare sai ta ɗau zafi ta buɗa, birki ya ƙi ci a daidai lokacin da ake matuƙar bukatarsa.

Ba a waiwayi hikimar Lanchester da gaske ba sai da kamfanin Dunlop ya kyautata ta saboda jiragen sama, sannan a 1953 motar Jaguar mai ɗauke da faifan ta lashe tseren awa 24 na Le Mans, saboda direbobinta suna iya jinkirta taka birki har su kusanci kwanar hanya. Bayan shekara biyu motar Citroën DS ta shigo da faifan kasuwar jama'a. Mu kuwa a ƙasar nan, Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a 1968, kuma masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta daɗe tana harhaɗa ta, tana cikin motocin da suka sabar wa makanikanmu da wannan faifai.

To, a hannun makanikan ne sana'ar ta sami ladubbanta. Faifan zubin ƙarfe ne, an yi shi ne don ya ci ya ƙare, shi ya sa maƙera suke hatimce mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa, haddin da bai halatta a ƙetare ba. A da, lokacin da kayan gyara ke da tsada kuma faifai ke da kauri, al'ada ita ce idan ya yi zane ko ya daina juyawa daidai a kai shi wurin mai injin sassaƙar ƙarfe ya share fuskarsa a mayar, kuma babu laifi a cikin hakan muddin ba a taɓa haddin ba. Faya-fayan yau kuwa sirara ne, sau da yawa sharewa ɗaya ta isa ta fitar da su daga aminci, ga kuma na gwanjo da suka cika kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, waɗanda wasunsu sun riga sun ci rabin rayuwarsu a Turai.

Gwanin bakanike, bayan ya ɗaga mota ya kwance taya, ba ya barin abin matsewar yana reto a jikin tiyon man birki, rataye shi yake yi da waya. Idan tsatsa ta manne tsohon faifai, ya buge shi da guduma a hankali har ya saki. Sannan ya zo kan aikin da rago ke tsallakewa, wanda a ganina shi ne ruhin sana'ar: kankare tsatsar mazaunin faifan har ƙarfe ya fito fes, domin ɗan ɓurɓushin da ido ke rainawa ya isa ya karkatar da sabon faifai, bayan 'yan watanni mai mota ya dawo yana cewa birki na rawa a ƙafarsa. Ya wanke man da aka shafa wa sabon don kare shi daga tsatsa, ya sauya na dama da na hagu tare da sababbin fad, watau takalman da ke matse faifan, ya ɗaure notuna a gicciye, kana ya tattaka birki har ya yi tauri kafin motar ta motsa.

Saboda haka, ya kai mai mota, idan an ce za a share maka faifai, ka nemi a auna kaurinsa a gabanka, a gwada da lambar da ke jikinsa. In ya kai haddi, ka sayi sabo.