Yawon Buɗe Ido da Rabon Ruwa a Tsaunukan Ladak: Nazari a kan Garin Leh da Ƙauyukan Kewayensa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci bunƙasar yawon buɗe ido a Ladak, yankin tsaunuka da ke arewacin Indiya, daga 1974 zuwa farkon shekarun 2020. Ta dogara ne a kan ƙidayar jama'a ta 2011, da alƙaluman baƙi da hukumomin yankin suka fitar, da ayyukan da aka riga aka wallafa. Matsayarta ita ce, ruwa ne ke iyakance yawan baƙin da Ladak za ta iya ɗauka, kuma otal-otal sun tsame kansu daga tsarin da al'umma ta daɗe tana raba ruwan da shi.

1.0 Gabatarwa

Ladak tana tsakanin tsaunukan Himalaya da na Karakoram. Babban garinta, Leh, yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 3,500 daga matakin teku. Ƙidayar 2011 ta nuna mutanen yankin sun kai kusan 274,000. Mabiya addinin Buddha ne suka fi yawa a gundumar Leh, Musulmi 'yan Shi'a kuma a gundumar Kargil. A ranar 31 ga Oktoba, 2019, aka cire Ladak daga jihar Jammu da Kashmir, ta koma ƙarƙashin gwamnatin tarayya kai tsaye.

Saboda kusancinta da iyakokin Sin da Pakistan, sai a 1974 aka ba baƙi 'yan ƙasashen waje izinin shiga. A shekarar, mutum 527 kacal suka zo. A 2022 adadin ya haura 500,000, wato kusan ninki biyu na mazauna yankin, kuma mafi yawansu cikin 'yan watannin ɗumi suke zuwa, lokacin da dusar ƙanƙara ta janye daga hanyoyin da ke shiga yankin daga Srinagar da Manali.

2.0 Su Wane Ne Baƙin, Me Ke Kawo Su?

Baƙin farko Turawa ne masu tattaki a ƙafa da masu sha'awar addinin Buddha irin na Tibet. Gidajen ibada na Hemis da Thiksey, da tsofaffin zane-zanen bango na Alchi, su ne suka ja hankalinsu. Helena Norberg-Hodge, wadda ta fara zuwa a 1975, ta bayyana a littafinta na 1991 yadda wannan cuɗanya ta soma sauya tunanin matasan Ladak game da rayuwar iyayensu. Ana iya cewa ta zuzuta kyawun rayuwar dā, amma ta hango matsalar da wuri.

Babban sauyi ya zo bayan 2009, shekarar da aka fitar da fim ɗin Indiya mai suna 3 Idiots, wanda aka ɗauki ƙarshensa a bakin tafkin Pangong, a tsayin sama da mita 4,200. Daga nan 'yan ƙasa suka rinjayi 'yan waje nesa ba kusa ba. Salon tafiyar ma ya canza: kwanaki kaɗan, a mota ko a kan babur, a haye mashigar Khardung La mai tsayin mita 5,359, a sauka kwarin Nubra, a leƙa Pangong, a ɗauki hoto, a koma. Da hunturu kuma akwai masu tattaki a kan daskararren kogin Zanskar, hanyar da mutanen Zanskar suka daɗe suna bi don a dā ita kaɗai ke gare su idan ƙanƙara ta toshe mashigai. Ƙarancin iskar oksijin na kwantar da masu gaggawa, shi ya sa hukumar gundumar Leh ta wajabta wa baƙo hutun awa 48 kafin ya hau wuraren da suka fi tudu.

3.0 Ruwa: Daga Magudanar Ƙauye zuwa Rijiyar Burtsatse

Ruwan sama da ke sauka a Leh a shekara bai wuce kimanin milimita 100 ba, tamkar na garuruwan bakin Sahara. Noman sha'ir da alkama duk na ban-ruwa ne, daga narkakkiyar ƙanƙarar kan tsaunuka. Lokacin shuka, wato Afrilu da Mayu, shi ne lokacin ƙunci, domin ƙanƙarar can sama ba ta soma narkewa sosai ba. Saboda haka ƙauye kan zaɓi mai rabon ruwa, da ake kira churpon, wanda ke buɗe wa kowane gida magudana idan layinsa ya zo. Kowa na ganin ruwan da idonsa. Wanda ya wuce rabonsa, maƙwabta za su sani a ranar.

Makewayin gargajiya ma da wannan ƙarancin aka tsara shi. Ɗaki ne mai rami, ana watsa ƙasa bayan an gama, ba a taɓa ruwa, daga baya a kwashe a kai gona a matsayin taki. Abu biyu ke nan a lokaci guda: an adana ruwa, an ciyar da ƙasa.

Otal-otal da masaukan baƙi sun zo da bayan gida na zuba ruwa da wanka na shaya, domin abin da baƙo ya biya kuɗinsa ke nan. Magudanar ƙauye ba za ta ɗauki wannan nauyi ba, sai masu otal suka koma haƙa rijiyoyin burtsatse. A nan ne gizo ke saƙar. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da na maɓuɓɓugai tushensu ɗaya, amma na rijiya ba ya bi ta hannun churpon, ba ya jiran layi, kuma babu maƙwabcin da ke ganin adadin da aka ja. Dukiyar da ake rabawa a bainar jama'a ta koma ta mai kuɗin haƙa. Ƙazantar da ake turawa cikin ramuka kuwa tana tsiyaya zuwa ruwan da ake ja daga ƙasa, a garin da ya daɗe ba shi da cikakken tsarin magudanar bahaya. Ga kuma ɗumamar yanayi tana rage ƙanƙarar da komai ya dogara a kanta. Ambaliyar 6 ga Agusta, 2010, wadda ta kashe sama da mutum 200 a Leh da kewaye, ta nuna wani haɗarin dabam: gine-gine a kan hanyar ruwa.

An yi ƙoƙarin ƙara ruwan bazara. Injiniya Chewang Norphel ya fara tare ruwan hunturu a inuwar tsauni domin ya daskare tun 1987, sai Sonam Wangchuk ya zo da dabarar tsiron ƙanƙara mai siffar hasumiyar Buddha. Dabaru ne masu kyau ga manomi, amma ba su taɓa batun rijiyoyin cikin gari ba.

4.0 Inda Ƙauye Ya Riƙe Linzami

Misalai biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Tsaunin Stok Kangri, mai tsayin mita 6,153, ya yi suna a matsayin ƙololuwar da ko sabon mahayi zai iya gwadawa. Sansanonin masu hawa suna bakin rafin da ƙauyen Stok ke sha. Mutanen ƙauyen suka koka, kuma daga 2020 aka rufe tsaunin ga masu hawa, da amincewar ƙungiyar masu shirya tafiye-tafiye ta Ladak. Na biyu shi ne ƙauyen Rumbak da ke gandun dajin Hemis, inda tun farkon shekarun 2000 ake saukar da masu neman ganin damisar ƙanƙara a gidajen mutane bi da bi. Baƙo yana cin abincin gida, yana shiga makewayin gida, kuɗin kuma yana tsayawa a ƙauye. Makiyayin da dā yake kallon damisa a matsayin ɓarauniyar tumaki yanzu yana da dalilin barin ta da rai.

Akan kawo misalin Butan, mai karɓar harajin dala 100 a kan kowane dare daga baƙon waje. Wannan ba zai yi tasiri sosai a Ladak ba, tunda galibin baƙinta 'yan ƙasa ne. Abin da ke hannun hukumomin Leh shi ne rijiya da lasisi. Ya kamata a yi wa kowace rijiyar burtsatse ta kasuwanci rajista, a sa mata mitar auna ruwa, kuma kada a ba da lasisin sabon otal sai majalisar ƙauyen da ke shan ruwan wannan kwari ta amince. Ana kan aikin ramin mota a ƙarƙashin mashigar Zojila, wanda zai buɗe hanyar Srinagar har da hunturu. Wajibi ne wannan ƙa'ida ta fara aiki kafin a buɗe shi.