Daga Ƙarfe Zuwa Rubutu: Tarihin Kwamfutar Da Ba A Taɓawa Da Hannu

 Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta waya, ko ya cike fom ɗin jarrabawa ta intanet, ya yi hulɗa da kwamfutar da ake kira sabar, wato wadda ke zaune a wani ɗaki mai sanyi tana amsa buƙatun jama'a dare da rana. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, galibin sabar da manyan kamfanoni ke aiki da su a yau ba su da jikin kansu. Manhaja ce ke kwaikwayon kwamfuta a cikin wata kwamfutar. A nan za mu riƙa kiran ta kwamfutar kwaikwayo.

Labarin ya faro ne daga wani ciniki da ya kuɓuce. A watan Afrilun 1964 kamfanin IBM ya fito da jerin manyan kwamfutocinsa masu suna System/360. Masanan jami'ar MIT da ke Amurka suna neman injin da mutane da yawa za su yi aiki a kansa lokaci guda, suka ga wannan bai dace ba, sai suka koma wurin General Electric. Abin ya yi wa IBM ciwo. A wata ƙaramar cibiyar bincikensa da ke birnin Kambirij na jihar Massachusetts, Robert Creasy da abokan aikinsa suka ɗauki wata hanya ta daban. Maimakon a koya wa manhaja ɗaya yadda za ta lallaɓa mutane da yawa, me zai hana a ba kowa abin da zai zata kwamfutarsa ce shi kaɗai? Suka rubuta CP-40, wadda ta fara aiki a farkon 1967, tana raba inji ɗaya zuwa kwamfutocin kwaikwayo 14.

Mu ɗauke shi kamar gidan haya. Gini ɗaya ne, rijiya ɗaya, amma kowane ɗan haya da ɗakinsa da makullinsa. Bambancin kawai, a wannan gidan ɗan haya bai ma san yana da maƙwabta ba. Idan ɗaya ya yi ɓarna a ɗakinsa, na kusa da shi bai ji ko ƙara ba.

Abin mamaki, IBM bai ɗauki wannan aiki da muhimmanci ba. Ɗan gatansa shi ne wani tsari mai suna TSS/360, wanda ya ci kuɗi da lokaci, ya yi ta ba da wahala har aka jingine shi. CP-67, magajiyar CP-40, kuwa an miƙa ta ga masu buƙata ba tare da alkawarin gyara ba, haɗe da ainihin rubutun manhajar. Jami'o'i da kamfanoni suka riƙa gyara ta da kansu. Su kansu injiniyoyin IBM sun same ta da amfani, domin a cikinta suke gwada sabbin manhajoji ba tare da sun tsayar da inji sukutum ba. A watan Agustan 1972 kamfanin ya karɓe ta a hukumance da sunan VM/370. 'Yar bora ce ta riƙe gida.

Daga nan sai ƙananan kwamfutoci masu arha suka cika duniya, aka daina damuwa da raba inji. Al'adar ofisoshi a shekarun 1990 ta zama kowane aiki da injinsa: na wasiƙu daban, na albashi daban, na ajiyar bayanai daban. Kowanne yana shan wuta, yana cin wuri, yana buƙatar sanyi, alhali mafi yawan lokaci ɗan kaɗan daga ƙarfinsa ake mora. Ga wani cikas kuma: ƙwaƙwalwar Intel da ke cikin waɗannan injuna ba a ƙera ta don a raba ba. Tun 1974 Gerald Popek da Robert Goldberg suka bayyana sharuɗɗan da inji zai cika kafin ya rabu lafiya, ita kuwa ba ta cika su ba.

A 1998 Mendel Rosenblum na jami'ar Stanford, da matarsa Diane Greene, da wasu abokan aiki suka kafa VMware. Dabararsu ita ce manhajar ta riƙa tare umarnin da ke da haɗari tana sake rubuta shi nan take kafin ya isa ga inji. A 2001 suka fito da ESX don kamfanoni, a 2003 kuma da VMotion, wadda ke ɗauke sabar tana cikin aiki daga wannan inji zuwa wancan ba tare da an kashe ta ba. A ganinmu nan ne al'amarin ya juya da gaske, domin daga ranar sabar ta tashi daga kaya ta koma fayil. Ana kwafe ta, ana adana ta, ana mayar da ita yadda take jiya. A 2006 Amazon ya fara ba da hayar irinta da sunan EC2, santi 10 a awa ɗaya. Ga masu son sani, a Cape Town ta Afirka ta Kudu aka yi babban ɓangaren aikin gina shi.

To, amma sauƙi ya zo da tasa matsalar. A da, kafin a samu sabuwar sabar sai an rubuta takardar neman kuɗi, an yi oda, an jira makonni. Wannan jiran shi ne birki. Da aka cire shi, sai kowa ya riƙa ƙirƙira a cikin mintuna, a yi gwaji a manta da ita tana ci gaba da cin ƙarfin inji. Ma'aikacin da ke kula da injuna ashirin, ya san halin kowanne, ya wayi gari da ɗaruruwa. Hannu ya gaza.

Maganin ya riga matsalar zuwa. Tun 1993 Mark Burgess, a jami'ar Oslo, ya rubuta CFEngine bisa wani tunani mai sauƙi: kada ka bi injuna ɗaya-ɗaya kana gyarawa, rubuta yadda kake son su kasance, manhaja ta riƙa dubawa tana daidaita duk wanda ya kauce. A kan wannan turba Puppet ta zo a 2005, Chef a 2009, Ansible a 2012, Terraform a 2014. Ma'aikatan fannin suka ƙirƙiro wani misali, wai a daina ɗaukar sabar kamar dabbar gida mai suna, a ɗauke ta kamar saniya a garke, in ta yi ciwo a musanya ta. Mu dai muna ganin mai wannan misali bai taɓa zama da Bafulatani ba, wanda ya san kowace saniyarsa da sunanta. Amma an fahimci nufinsa.

Wanda ya tsaya a kan aikin hannu ya ga sakamako. Kamfanin Knight Capital, mai hada-hadar hannun jari a Amurka, yana da sabar takwas da ke aika odar ciniki. A ƙarshen Yulin 2012 wani ma'aikaci ya sa sabuwar manhaja a bakwai, ta takwas ta tsallake masa, babu kuma wanda ya bi bayansa ya duba. Ranar 1 ga Agusta da kasuwar New York ta buɗe, wannan guda ɗayar ta tayar da wata tsohuwar manhaja da aka daina amfani da ita shekaru, ta yi ta saye da sayarwa babu tsayawa. Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar dala miliyan 440. Kafin shekara ta ƙare ya amince ya haɗe da kamfanin Getco.

Sai dai kada mai karatu ya zata rubutun ya kawo ƙarshen kuskure. Ya ƙara masa tsawon hannu ne. Ranar 28 ga Fabrairun 2017 wani injiniyan Amazon yana binciken matsala a tsarin lissafin kuɗi na rumbun ajiyarsu mai suna S3, a cibiyarsu ta arewacin jihar Bajiniya. Ya rubuta umarnin cire 'yan sabar kaɗan, ya yi kuskure a abin da ya shigar, umarnin ya kwashe fiye da yadda ya nufa. Shafuka da manhajoji masu ɗimbin yawa suka tsaya na wajen awa huɗu. Har allon da Amazon ke sanar da matsala a kansa ya kasa nuna akwai matsala, domin shi ma da S3 ya dogara.

Mu da muke harkar rubutu mun san zafin harafi ɗaya da ya kuɓuce har littafi ya fito daga maɗaba'a. Su ma sun koyi abin da muka sani: a manyan kamfanoni yanzu, rubutun da zai taɓa sabar sai wani ya karanta ya amince, an gwada shi a gefe, an adana kowane canji da sunan wanda ya yi shi. Shi kuwa Amazon, a bayanin da ya fitar bayan lamarin, bai ambaci sunan injiniyan ba. Manhajar cire sabar ɗin ya gyara, ta yadda za ta riƙa cirewa a hankali, kuma ta ƙi bin duk umarnin da zai rage su ƙasa da adadin da tsarin ke buƙata.